Ungozomar da Ta Daina Damun Allah

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke gindin dutse, ungozoma ce. Tun tana da ƙuruciya ta koyi aikin a hannun gwaggonta, ta yi ta yinsa har furfura ta rufe mata kai. Ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka, yaro da babba Iya suke cewa. In ka shiga majami'ar garin ran Lahadi ka duba, tun daga samarin da ke kaɗa ganga har wasu daga cikin dattawan da ke gyangyaɗi a bencin gaba, da wuya ka sami mutum goma waɗanda ba ita ta yanke musu cibiya ba.

Iya mace ce mai addu'a, amma ba ta iya addu'a a zuci ba. Da gari ya waye sai ta durƙusa a bakin gadonta ta buɗe murya, har maƙwabta su ji ta bayan danga. Ba ta ɓoye wa Allah kome. Takan faɗa masa cewa akuyarta ta ƙi cin dusa, gwiwarta ta hagu ta tashi da ciwo, matar wane ta shiga watanta amma ƙafafunta sun kumbura. Wani lokaci har takan ba shi labarin abin da ya ba ta dariya jiya a bakin rijiya. Maƙwabciyarta takan ce ita ba ta bukatar zuwa kasuwa jin labari, ta dai kasa kunne da safe.

Ana nan sai hannuwan Iya suka fara rawa. Ta fara lura ne ranar da kunu ya zube daga ludayi kafin ya kai bakinta. Ga wata tsohuwa wannan ba wani abu ba ne, amma ga ungozoma babban abu ne, gama da hannun nan take karɓar rai. Tsoro ya kama ta, kada wata rana jaririn wani ya suɓuce mata, ko ta zo yankan cibiya ta yi kuskure. Ta ɓoye wa mutane, ta riƙa cusa hannuwan cikin zane in tana zaune. Allah kaɗai take faɗa wa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa, kuma duk safiyar da ta faɗa masa sai ta ji ta sami ƙarfin fita.

A cikin wannan hali ne autanta Sila ya zo hutu. Malami ne a wata makarantar sakandare a birni, mutum mai son uwarsa, mai son karatu kuma. Wata rana bayan faɗuwar rana suna cin tuwo a tsakar gida, taurari suka fara fitowa. Iya ta ɗaga kai ta nuna masa wani ɗan gungu, ta ce, “Ga kaza can da 'ya'yanta. Tun ina yarinya nake ƙirga su, har yau ba wanda shaho ya ɗauke.”

Sila ya yi dariya. Malami kuwa in ya sami mai saurare ba ya iya yin shiru. Ya ce, “Iya, kin san ranar nan da ke gasa mu ita ma tauraro ce? Kusa da mu take, shi ya sa ta yi girma. In aka ce rana ƙwaryar nan ce ta gabanki, to duniyarmu duka, da tekunanta da duwatsunta, ƙwayar gero ɗaya ce a gefenta.”

Iya ta ce, “Kai Sila, ka ji tsoron Allah.”

Ya ce, “Da gaske nake. Kin san farin layin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi in duhu ya yi sosai? Taurari ne suka taru. Masana sun ce sun fi biliyan ɗari. In kika zauna kina ƙirga su ɗaya-ɗaya, ba ci ba barci, sai ki shekara dubu uku ba ki gama ba. Wannan kuma garke ɗaya ne kawai. Irinsa suna nan birjik, ba wanda ya san iyakarsu.”

Iya ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta daɗe tana duban sama, sa'an nan ta ce, “Duk shi kaɗai ke lura da su?”

Sila ya ce, “Shi kaɗai, Iya.”

Ta ce, “To, ashe yana da aiki.”

Sila ya ji daɗi, a zatonsa ya ƙara wa uwarsa bangaskiya. Ni kam ba na ganin laifinsa, gama abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma da ƙauna ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne irin kunnen da maganar ta shiga.

Iya da ladabi aka rene ta. A gidansu an koya mata cewa ba a kai wa babban mutum ƙaramar magana. Sau biyu a rayuwarta ta je gidan dagaci da koke, duk biyun ta tarar zaurensa cike da mutane, sai ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta juya gida da maganarta a ciki. Da ta shiga ɗaki a daren nan, bayan hirarta da Sila, sai kunya ta rufe ta. Ta ce a ranta, “Dubi rashin ta ido irin nawa. Mai irin wannan gida, mai irin wannan hidima, ni kuma shekara sittin ina tsare shi da maganar akuya. Ya dai yi haƙuri da ni ne kawai.”

Kashegari ta durƙusa a bakin gado yadda ta saba, ta ce, “Ina kwana, Ubangiji. Na gode da ka tashe ni lafiya. Na san aiki ya yi maka yawa, ba zan tsare ka ba.” Ta miƙe ta ɗauki tsintsiya. Maƙwabciyarta ta kasa kunne ba ta ji kome ba, har ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Iya ta ce lafiya lau.

Hutu ya ƙare, Sila ya koma birni bai san abin da ya bari a baya ba. Iya kuwa ba ta yi fushi da Allah ba, ba ta kuma daina gaskatawa da shi ba. In ma akwai wani abu, girmansa ne ya ƙaru a idonta. Tana zuwa sujada, tana raira waƙa, tana halartar zumuntar mata. Amma in fasto ya ce wanda ke da damuwa ya faɗa a yi addu'a tare, sai ta sunkuyar da kai. Gaisuwa kawai take yi wa Ubangiji ta wuce.

Wata uku aka yi haka, Iya ta rame. Tsoron da a da take saukewa kowace safiya, yanzu da shi take kwana, da shi take tashi. Rawar hannu ta ƙaru. In aka zo kiranta gidan mai naƙuda sai gabanta ya faɗi, ta tafi tana zufa, ta dawo ta kasa cin abinci. Abin tausayi ne ƙwarai, gama tana da Uba mai jin ta, amma ta hana kanta magana da shi don tana ganin haka ne ladabi.

To, a wata unguwa da ke ƙetaren rafi akwai wata matashiya mai suna Afiniki. A ƙauyen aka haife ta, amma uwarta ta rasu tana shekara uku, dangi suka tafi da ita wani gari mai nisa. Aure ne ya dawo da ita, ta zo da mijinta Barnaba ba da daɗewa ba, da tsohon ciki. Afiniki mai kunya ce. Kowace Lahadi takan ga Iya a ƙofar majami'a mata sun kewaye ta, wannan na nuna mata ƙurjin ɗanta, waccan na miƙa mata jariri ta sa albarka. Sai Afiniki ta rusuna daga nesa ta wuce.

Naƙuda ta kama Afiniki ran Alhamis da safe, a makon da Iya ta riga ta karɓi haihuwa uku. Barnaba ya ɗauki takalmi zai je kiran Iya, matarsa ta riƙe masa riga. Ta ce, “Don Allah kada ka je. Tsohuwar nan ba ta huta ba duk makon nan. Mutanenta sun yi mata yawa, ni kuma ba ta ma san ni ba. Zan iya.” Ta yini tana fama, ta kwana tana fama. Ran Jumma'a da hantsi ƙarfinta ya fara ƙarewa, Barnaba ya fita da gudu ba tare da ya sake tambayarta ba.

Iya ta ƙetare rafi tana jan gwiwa. Da ta shiga ɗakin ta ga halin da yarinyar ke ciki, ta juya ga matan da ke wurin ta ce, “Tun yaushe?” Suka ce tun jiya da safe. Ta ce, “Tun jiya! Me ya hana a kira ni?”

Afiniki ta ce cikin wahala, “Ni na hana, Iya. Na ga kina da mutane da yawa. Na ce ni wace ce da zan dame ki.”

Ran Iya ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran da ƙauna ke kawowa. Tana wanke hannu tana faɗa, hawaye na zubo mata. Ta ce, “Ke wace ce? Ni kike tambaya? Ke ce 'yar Bilhatu. Ran Talata aka haife ki, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakin na yoyo, na sa aka riƙe tabarma a kanmu. Da ƙafa kika fito, kika ba ni wahala. Kina da baƙin tabo a bayan kafaɗarki ta hagu, in na yi ƙarya matan nan su duba. Tun ranar da kika shigo majami'a na gane ki, tafiyar uwarki ce sak. Kowace Lahadi ina jira ki iso in rungume ki, kowace Lahadi sai ki durƙusa daga nesa ki wuce. Wa ya gaya miki don kuna da yawa sai in manta da ke? Wa ya gaya miki zuwanki damuwa ne? Rashin zuwanki ne ya dame ni!”

Maganar da ta fito daga bakinta ta dawo ta shiga kunnenta. Amma ba lokacin tsayawa tunani ba ne, ta goge ido ta kama aiki.

Wajen tsakar rana aka haifi yarinya mace. Ba ta yi kuka ba, ba ta motsa ba. Iya ta ɗauke ta za ta goge mata baki da hanci, sai hannuwanta suka kama rawa irin wadda ba su taɓa yi ba, kowa na gani. Asirin da ta daɗe tana ɓoyewa ya tonu a ranar da ta fi bukatar hannun.

Sai Iya ta buɗe murya, har Barnaba da ke tsugune a waje ya ji. Ta ce, “Ya Ubangiji, na san kana da taurari. Amma ni ce. Ni ce, tsohuwar nan taka. Ga hannuwana ka gan su, ga 'yar mutane ba ta numfashi. Ka yi haƙuri da shirun da na yi maka, wauta ce. Ka taimake ni.”

Hannuwan ba su daina rawa ba. Da rawar tasu ta kifa jaririyar a cinyarta, ta share mata baki, ta yi ta murza mata baya da zane, tana murzawa tana magana, rabi da Allah rabi da yarinyar. Can sai ɗan ƙirjin ya motsa, jaririyar ta yi tari, ta tsala kuka. Matan suka rangaɗa guɗa. Afiniki ta miƙo hannu ta kama gefen zanen Iya ta riƙe, ta ƙi saki har barci ya ɗauke ta.

Da la'asar Iya ta koma gida, ko ruwa ba ta sha ba ta shiga ɗaki ta durƙusa. Labarin wata uku ne a cikinta, ta kuwa kwashe shi duka ta faɗa wa Ubangiji, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Hannuwanta dai ba su warke ba har ƙarshen ranta. Da shekara ta kewayo ta zaɓi mata biyu ta koya musu aikin, ita kuma ta koma zama a gefe a kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni da baki. Amma tsoron ya tafi, ƙibarta ta dawo, ba ta kuma sake ɓoye wa Allah damuwarta ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattuna: girman Allah ba ya rage kulawarsa, kuma yawan abin da ya halitta bai sa ya shagala da kai ba.

Abin da Sila ya faɗa ba ƙarya ba ne. Sararin sama yana da faɗin da hankalin mutum ba zai iya ɗauka ba, taurari kuma sun fi ƙarfin ƙirgarmu. Kada wani ya fita daga nan ya ce malamin makarantar Lahadi ya hana karatun kimiyya. Ku yi karatu, ku duba sama, ku yi mamaki, gama duk aikin hannun Ubanmu ne. Kuskuren Iya shi ne ta auna Allah da ma'aunin manyan mutanen duniya. Babban mutum na duniya kunne biyu gare shi, yini ɗaya gare shi, yana gajiya, yana mantuwa. In mutum ɗari suka taru a ƙofarsa, dole wani ya koma gida ba a ji shi ba. Allah ba haka yake ba. Ba ya raba hankalinsa kashi-kashi, wannan ya sami kaɗan wancan ya sami kaɗan. Sa'ad da kake magana da shi, dukan hankalinsa yana wurinka, taurari kuma ba ko ɗaya da zai kauce daga hanyarsa saboda haka.

Ku dubi Iya kanta. Mace ce kawai, mai ciwon gwiwa, mai mantuwar inda ta ajiye mabuɗin ɗakinta, duk da haka ta riƙe ranar haihuwar Afiniki fiye da shekara ashirin. Ƙauna ce ta riƙe mata, ba kaifin ƙwaƙwalwa ba. In ungozomar da ta karɓe ka kawai za ta iya tunawa da kai haka, yaya wanda ya siffanta ka tun kana ciki, kafin wani ido ya gan ka?

Akwai kuma wani abu da nake so ku lura da shi, gama a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Iya ba ta bar addu'a don taurin kai ba, ta bari ne don tana ganin tawali'u take yi. Afiniki ma ba raini ne ya hana ta aika ba, kara ce, kuma karar nan ta kusa cin rai biyu. Mu mutane ne masu kunya da kara, abu ne mai kyau a tsakaninmu, ina kuma alfahari da shi. Amma ɗan da ke jin yunwa a gidan ubansa ya yi shiru don kada ya dame shi, bai girmama uban ba, ya sa shi baƙin ciki ne. Yesu bai zo duniya don mu tsaya masa a nesa ba.

Ban ce duk abin da ka roƙa za ka samu yadda ka roƙa ba. Iya ta karɓi jarirai waɗanda ta yi addu'a a kansu amma ba su yi kuka ba, ta kuma roƙi warkewar hannunta ba ta samu ba. Abin da ta samu shi ne ba ta ƙara ɗaukar kayanta ita kaɗai ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Na san a cikinku akwai wanda ya faɗi jarrabawa bai gaya wa kowa ba. Akwai wadda ɗanta ya tafi birni ya daina kira. Akwai dattijon da ke jin wani ciwo a ƙirji yana cewa ba kome. Kuna zuwa sujada, kuna waƙa da ƙarfi, kuna yi wa ƙasa da shugabanni addu'a da manyan kalmomi, amma wannan abu ɗaya kun ajiye shi a gefe, kuna cewa ai bai kai a kai wa Allah ba. Ina ƙaunarku, shi ya sa zan faɗa muku kai tsaye cewa kun yi kuskure.

Yau in kun koma gida, kowa ya sami wuri shi kaɗai, ya yi magana da Ubansa da irin Hausar da yake yi a tsakar gida. Ka fara da abin da kake ganin ya fi kowanne ƙanƙanta, wanda kake jin kunyar faɗa. Shi ne abin da Ubanka ya fi daɗewa yana jira ka kawo masa.